Kwano Mai Ɗigo Uku

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara aka rufe gidan silman da Namadi yake yankan tikiti a Ƙaura Namoda. Shekara goma sha tara yana zaune a bayan 'yar tagar ƙarfe, rana ɗaya mai gidan ya garƙama kwaɗo ya ce zai mai da wurin ma'ajiyar hatsi. Namadi bai yi gardama ba. Ya ce dama aikin ya daɗe yana yi masa nauyi a zuciya, ya dawo gida ya saki gemu. Abin da ya rage masa shi ne gonar gado a hanyar Banga, da rumbu guda, da matarsa Zuhura, da lokaci mai yawa wanda bai san inda zai kai shi ba.

Duk macen da mijinta ya taɓa rasa wurin zuwa ta san abin da ke biyo baya. Makon farko ya gyara ƙyauren zaure. Na biyu ya gano ana ƙyasta ashana uku kafin wuta ta kama. A na uku ya je masallacin Juma'a ya ji wa'azi a kan almubazzaranci, ya dawo da shi gida kamar goro, yana gutsura wa Zuhura safe da yamma.

"Gidan ga ana ɓarna," in ji shi. "Mu biyu tak, ɗiya duk sun tahi gidajensu, amma hatsi na ƙarewa kamar barikin soja muka ciyarwa."

Zuhura tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "To, Malam."

A nan kam Namadi yana da gaskiya, sai dai bai san iyakar gaskiyar tasa ba. Tukunyar gidan ta mutum huɗu ce, kuma ta shekara goma sha ɗaya tana ciyar da ƙarin baki biyu.

A unguwarsu magidanta ba sa cin tuwo a cikin gida. In an sallame Magariba kowa zai fito da kwanonsa zuwa tabarmar ƙofar gidan Alhaji Muhtari, dattijon unguwa, a jera kwanoni a buɗe su ɗaya bayan ɗaya a ci tare. Ciyayya ke nan. Ba mai leƙen yawan abin da ke cikin kwanon wani, amma kowa yana ganin wanda ya zo hannu rabbana. Mutum zai iya zuwa haka sau ɗaya, sau biyu. A na uku ba sai an ce masa komai ba, shi da kansa zai fara jin ciwon ciki da yamma ya zauna a gida.

Bayan katangar su Namadi akwai gidan Mudi, abokin marigayi mahaifinsa. A da ɗan dako ne a tashar jirgin ƙasa, har ranar da buhun gyaɗa ya faɗo masa a kwankwaso ya raba shi da sana'a. Matarsa ta rasu ba su haihu ba. Yayarsa Yalwa ce ta dawo zama wurinsa, tsohuwa wadda sanyin ƙashi ya ƙandare wa yatsu, ko muciya ba ta iya riƙewa. Inna, mahaifiyar Namadi, ita ta fara lura gidan ya daina hayaƙi. A lungun bayan rumbu akwai inda ruwan sama ya ci katangar, sai ta sa taɓarya ta faɗaɗa wurin daidai wucewar kwano, ta jingina tsohon gadon ƙarfe a kai, ta tara fasasshiyar randa da ƙafar keken ɗinki da tsummokaran buhu a gaba. Kullum da la'asar sakaliya Yalwa za ta turo kwano wayam, kafin kiran Magariba ya koma mata cike. Ta cire malmala ɗaya tata, Mudi ya sa wankakkiyar rigarsa ya ɗauki sauran zuwa tabarma, ya ajiye a cikin jerin kamar kowane magidanci.

Shekara huɗu da suka wuce, ana saura kwana biyu Inna ta rasu, ta riƙe wuyan hannun Zuhura ta ce, "Kwanon Mudi na hannunki. Kada namiji shi ji, ko Namadi. Ni na haihe shi, na san bakinshi. Ranad da Mudi yas san maza sun sani, ba shi ƙara ci, ba shi ƙara hita."

Zuhura ta ce ta ji. Tun daga ranar ba ta taɓa fashi ba, ko da tana zazzaɓi.

Man shanu Namadi ya fara sokewa. Ya ce miya da man shanu sai ranar Juma'a, daga baya ya ce Juma'ar ma a bar ta. Ranar da aka fara ya dawo daga ciyayya fuskarsa a washe.

"Kin gani ko? Ko Baba Mudi ya bar man shanu. Yau miyatai ba ko ƙamshi. Masu hankali duk tunaninsu ɗaya na."

Aka rage daddawa, miyar Mudi ta rage daddawa. Aka bar busasshiyar kuɓewa aka koma kuka, kwanon Mudi ya fito da kuka a ranar. Namadi bai ga komai a ciki ba sai shaida cewa yana kan hanya. Shayin safe ya koma ɗumame, sabulun kanti ya koma na salo, fitila ta koma ana kunna ta a ɗaki ɗaya. Ya raba kwalin ashana gida biyu ya ɓoye rabi a aljihun rigar sallarsa, ya manta inda ya sa, aka kwana biyu ana ɗebo wuta a maƙwabta.

A cikin wannan hali ne ya ɗauki Mudi ya mai da shi malaminsa. Wata rana ya leƙa zauren tsohon don gaisuwa, ya dawo yana ta santi.

"Tabarma guda, buta guda, tasbaha. Shi ke nan abin da ag gare shi. Ko hayaƙi ba ki gani ya tashi gidan nan, amma kullum kwanonshi cike. Wanga shi na iya zaman duniya. Kuma kada ki ji haushi, tuwon Yalwa ya hi naki laushi."

"Tsohon hannu na, Malam," in ji Zuhura.

Ta juya ta shiga madafa, don dariya ta taso mata kuma ba ta so ya gani. Wannan ita ce dariya ta ƙarshe da abin ya ba ta, domin kashegari Namadi ya shigo da gwangwanin madara wanda ya yanke wa baki ya goge tas. Ya ce daga yau shi zai riƙa auna garin tuwo. Ya tambaye ta nawa take zubawa, suka gwada, ya kama gwangwani shida. Ya riƙe baki. Ya ce uku sun ishi mutum biyu, har kyanwa ta samu in da suna da ita. Ya sa wa ɗakin da ake ajiye gari kwaɗo, makullin ya koma cikin aljihunsa.

Gwangwani uku ba sa ciyar da mutum huɗu, wannan ko wace mace ta sani. Zuhura ta ƙanƙanta malmala, ta sassauta tuƙi. Ta cika kwanon Namadi yadda ba zai yi magana ba, ta cika na Mudi yadda ba za a yi magana a kansa ba. Ita kuma ta jiƙa ƙanzon gindin tukunya da ruwa ta sa gishiri ta ci a tsaye. Bayan wata ɗaya zaninta ya fara neman ƙarin ɗauri. Namadi ya lura, ya ce ai rage ciki lafiya ne, likitoci ma sun faɗa a rediyo. Ta ji haushinsa ƙwarai a ranar. Amma ba mugu ba ne, ta sani. Mutum ne da aka raba da tagarsa, yana neman wata tagar da zai zauna a bayanta yana ƙidaya masu wucewa.

Da ya gama da abin da ke shiga ciki sai ya waiwayi abin da ke cin wuri. Ya ce gida ya cika da tarkace, tarkace kuwa shi ke jawo ɓera, ɓera ke cin hatsi. Wata Laraba da hantsi ya ji mai sayen tsohon ƙarfe yana shela a kan titi, ya fita da sauri ya tsayar da shi da kurarsa a ƙofar gida.

Ɗakin Inna ya fara buɗewa. Jerenta yana nan yadda ta bar shi, su langa da kwanonin sha da fanteka an ɗora su bisa juna har kusa da rufi. Matan garin kowacce tana da alamar da take yi wa kwanoninta a gindi, don in an yi biki kwanoni sun cakuɗe kowanne ya san hanyar gida. Wata jan farce take ɗigawa, wata ta karce da ƙusa. Ta Inna ɗigo uku ne na koren fenti, ragowar wanda mijinta ya taɓa samowa a tasha. Namadi ya kifa langa ɗaya ya ga ɗigon, ya shafa da babban yatsa.

"Allah shi jiƙan Inna," ya ce. Sannan ya ɗora langar a kan 'yan'uwanta ya kwasa ya yi waje.

"Malam, a bar ma Rahama ko biyu," in ji Zuhura. Rahama ita ce babbar 'yarsu da ke aure a Shinkafi.

"Rahama na da nata. Ɗiyan yanzu roba suka so."

Kafin azahar ɗakin ya koma wayam, in ka yi magana sai muryarka ta dawo maka. Namadi ya tsaya a tsakiya hannu a ƙugu yana shaƙar iska, ya ce yanzu ya ji gida. Daga nan ya fito ya nufi bayan rumbu.

Zuhura ta zabura. Ta bi shi da sauri har tana tuntuɓe da turmi.

"Malam, lungun nan akwai kunama. A bar shi sai wata rana."

"Don kunamar za a kwashe shi ai."

Ya fitar da buhunan, ya mirgino randar, ya jawo ƙafar keken ɗinki. Da ya ɗaga gadon ƙarfen sai ga kafar a fili, zagayayya, bakinta ya yi sumul saboda shekarun da kwano ya yi yana gogarsa. Allah ya taimaka lokacin turo kwano bai yi ba. Namadi ya durƙusa ya leƙa, bai ga komai ba sai bayan wata tsohuwar zana da Yalwa ke karewa da ita ta can ɓangaren. Ya miƙe yana tafa hannu, murna fal fuskarsa.

"Ashe! Ga ƙohwar ɓarayin nan. Ɓeraye, kaji, ƙila har 'yan awaki. Ni dai na san hatsin ga ba banza yaka tahiya ba."

"Inna ta buɗe ta," in ji Zuhura.

"Don mi?"

Maganar ta zo mata har bakin haƙora. Ta tuna hannun Inna a wuyan hannunta. Ta ce, "Don iska."

Namadi ya yi dariya ya ce tsofaffi da dabara. Bai kira magini ba, don kiran magini ma almubazzaranci ne. Ya haƙo jar ƙasa a bayan gida ya zuba ciyawa, ya naɗe ƙafar wando, ya ce Zuhura ta kawo ruwa. Ita ta riƙa zuba masa ruwan yana kwaɓawa. Ita ta miƙa masa curin ƙasar ɗaya bayan ɗaya har kafar ta cike, ya shafe ta da tafin hannu ya ja baya yana kallon aikinsa.

Da la'asar sakaliya tana gindin murhu ta ji shi. Wani abu na ƙarfe ya bugi ɗanyar ƙasa ta can bayan katanga, a hankali. Aka ɗan jima aka sake bugawa. Aka buga na uku, daga nan shiru. Namadi yana kan kujerarsa a tsakar gida da rediyo a kunne, bai ji ba.

Ta yi tunanin duk hanyar da mace za ta iya tunani. Katangar ta fi tsayinta, kuma mai gidan yana zaune yana fuskantarta tun daga la'asar har kiran salla. Ta fita da rufaffen kwano ta bi ta gaban tabarmar Alhaji Muhtari, wannan daidai yake da ta ɗauki mai shela. Akwai Tani dillaliya da ke shiga gida-gida, amma abin da Tani ta ji da safe kafin azahar ya kai Zurmi. Tuwo ya nuna, ta kwashe, ta cika kwanon Namadi. Malmala uku suka rage a ƙwarya, ta rufe su da faifai.

Da ya dawo daga ciyayya bakinsa ɗauke yake da labari.

"Yau Baba Mudi bai zo da kwano ba, wai hannun Yalwa ya tashi. Nac ce mai ba komi, shi matso. Ina ba su labarin aikin da niy yi. Nac ce, jama'a, yau na gano ramin da hatsina ke zurarewa shekara da shekaru, na toshe shi da hannuna, wanda duk ke ci ta nan sai shi nemi wani gida."

Zuhura ta ajiye butar da ke hannunta.

"Gaban Baba Mudi kac ce haka?"

"Yana kusa da ni ma. Kowa ya yi dariya. Shi dai bai ci da yawa ba, loma biyu yac ce ya ƙoshi." Ya ɗaga faifan da ke kan ƙwarya, idonsa ya yi haske. "Kin gani? Daga toshe rami yau, har tuwo ya yi saura."

Kashegari Mudi bai fito tabarma ba. Aka ce ciki ke damunsa. Zuhura ta nemi izinin zuwa duba Yalwa da hannu, Namadi ya ce ta je, duba mara lafiya lada ne kuma ba a kashe komai. Da hantsi ta ƙulle ɗumame a leda ta ɓoye cikin hijabi ta zaga.

Ta tarar da Yalwa zaune a bakin ƙofar ɗaki, kwanon yana gefenta a wanke a kife. Mudi ba ya nan. Tsohuwar ta karɓi ledar da hannu biyu ta yi godiya, amma ta ce ita kaɗai za ta ci, shi ba zai taɓa ba.

"Wallahi, Iya, bai sani ba," in ji Zuhura. "Ɓeraye yaka nuhi. Ko yanzu bai san komi ba."

"Na hwaɗa mai haka, ɗiyata. Yac ce mutumin da ke auna gari da gwangwani ya san inda kowane gwangwani ka zuwa. Yac ce yaron ya yi ƙoƙari, shekarun da yawa, kuma aiki ya ƙare mai. Bai ji haushi ba. Kunya ta, ita ta hana shi barci. Ya tahi tasha neman mai zuwa Katuru, shi kai saƙo ga ɗan ƙanenmu."

Zuhura ta dawo gida da niyyar ta faɗa wa Namadi komai, alkawari ko ba alkawari. Ta same shi yana daidaita wata lanƙwasasshiyar ƙusa da dutse don kada a sayi sabuwa. Ta tsaya a kansa, sai ta hango abin da zai faru tiryan-tiryan. Zai zabura ya fita ko hula babu. Zai je ya durƙusa gaban Mudi yana rantse-rantse da ƙarfi, ya dawo tabarma ya ba kowa labarin kuskuren da ya yi, don Namadi bai iya jin abu shi kaɗai ba. Yanzu Mudi yana zaton mutum ɗaya ne ya sani. In ta yi magana, kafin Isha unguwa duka ta sani. Ta wuce shi ta shiga madafa, ta zauna a kan kujerar tsugunno ta yi kukanta ba sauti.

Kwana uku kwanon Mudi bai fito ba. Kwana uku tuwo yana saura, Namadi yana cin ɗumame da safe yana yaba wa kansa.

A rana ta huɗu da hantsi aka yi sallama a ƙofar gida. Zuhura ta gane muryar. Namadi ya fita, ita kuma ta matso bayan ƙyauren zaure ta tsaya, abin da ba ta saba yi ba.

Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo. Sannan Mudi ya ce sallama ya zo yi. Ɗan ƙanensu da ke Katuru ya daɗe yana kiransu, shi da Yalwa, yau za su bi motar Shinkafi. Yalwa ma tana tasha an riga an kai ta.

"Haba Baba! Haka kwatsam? Wa za mu koyi zama wurinshi in ka tahi?"

Mudi ya yi 'yar dariya. Ya ce, "Ungo wanga, ka ba Zuhura. Na Inna na, ya daɗe wurinmu."

"Kai da ke da kwano guda tak, shi za ka bayar?"

"Inda za ni cikin akushi suka ci. Ka yi mata godiya, ka ce Yalwa na gaishe ta. Kai kuma, Namadi, Allah shi ba ka ladar shekarun da kay yi. Ban da abin cewa sai godiya. Mutum na yin iyakar ƙarhinshi, in ya gaji ba laihi na ba."

"Wace lada, Baba?"

Tsohon ya juya ya kama hanya. Zuhura ta ji ƙarar sandarsa tana nisa, da jan ƙafar nan tasa ta hagu. Ta koma da sauri ta zauna gindin turmi ta jawo tsintsiya.

Namadi ya shigo yana jujjuya kwanon yana murmushin wanda bai gane ba. Farin kwano ne mai bakin shuɗi, ya ɓantare a wuri biyu. Ya san shi sarai. Shekara goma sha ɗaya yana cin tuwo ta samansa, bai taɓa ganin ƙasansa ba. Ya ce, "Ji Baba Mudi da wata magana, wai na Inna..." Ya kifa shi.

Ɗigo uku na koren fenti, sun ɗan koɗe amma suna nan.

Ya daɗe yana kallonsu. Ya ɗago ya dubi lungun bayan rumbu, wanda yanzu yake fayau ba abin da ya kare shi, da zagayayyen tabon sabuwar ƙasa da bai gama bushewa ba. Ya sake duban kwanon, ya kai shi kusa da fuskarsa kamar mai auna faɗinsa da faɗin tabon.

"Tun yaushe?"

"Tun Inna na da rai."

"Man shanun nan da yab bari..."

"Namu na."

"Kukar?"

"Tukunya guda ta, Malam."

"Gwangwani ukun hwa? Mu huɗu?" Ya dube ta, ya dubi wuyanta da ɗaurin zaninta, kallon da ya yi wata biyu bai yi mata ba. "Ke mi kika ci?"

Ta ga lokacin da maganar da ya yi a tabarma ta dawo masa, don bakinsa ya buɗe ya kasa rufuwa. Ya dire kwanon a ƙasa ya fita da gudu, takalmi ƙafa ɗaya. Ta bi shi har zaure tana cewa, "Malam, kada ka hwaɗa ma kowa! Don Allah kada kowa shi ji!" Ba ta san ko ya ji ta ba.

Bai jima ba ya dawo. Motar Shinkafi ta cika ta tashi tun kafin ya isa. Ya ce ya tarar da Alhaji Muhtari a tasha ya je rakiya, ya tambaye shi lafiya yake gudu haka, shi kuma ya ce ba komai, sallama ce bai gama ba. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Zuhura ta shekara ashirin da shida tare da shi, ranar ce ta fara ganin ya haɗiye magana.

Ya zauna a kujerarsa bai kunna rediyo ba. Can ya tashi ya ɗauko gatari ya nufi bayan rumbu, ya tsaya gaban tabon, ya ɗaga. Ta can ɓangaren ba motsin komai, ko na kaza. Ya sauke gatarin ya jingina shi da katanga ya dawo ya zauna.

Da la'asar ya zaro makullin ɗakin gari daga aljihu ya ajiye mata a kan turmi, tare da gwangwanin. Ta buɗe ta auna uku, don hannunta ya riga ya saba. Ta tuƙa, ta kwashe, ta cika kwanonsa. Ta zuba nata, cikakken rabo, ta ajiye gefe. Malmala biyu suka rage. Ta ɗauraye kwano mai ɗigo uku ta sa su a ciki, ta zuba miya ta rufe.

Aka kira Magariba, ya je ya dawo. Daga ƙofar gidan Alhaji Muhtari ana jiyo ƙarar murafan kwanoni da muryoyin maza. Namadi ya ɗauki kwanonsa zai fita, sai ya ga ɗayan a ajiye kusa da shi a rufe.

"Wanga hwa?"

"Shi na abin da munka rage, Malam," in ji Zuhura. "Ina za a kai shi?"

Ya tsaya da kwano a hannu yana duban wanda ke ƙasa. A waje wani ya ɗaga murya yana kiran sunansa, wai tuwo na hucewa.